Sai Adidas ce za ta koya mana tausayin kyanwa?

Har yau, in hira ta biyo ta kan Kurt Zouma a gidajen kallon ƙwallo na unguwar Bolewa a Potiskum, sai ka ji matashi ya daki ƙirji wai an zalunci bawan Allah a kan 'yar kyanwa. Wannan magana tana ƙona min rai.

A Fabrairun 2022 ne bidiyo ya fito, Zouma, mai tsaron bayan West Ham a lokacin, yana shurin kyanwarsa yana marinta, ƙanensa na ɗauka, ana ta dariya. Adidas ta soke kwangilar talla da shi. Kulob ɗinsa ya ci shi tarar albashin mako biyu. Kotu a Landan ta ɗora masa aikin al'umma na awa 180, ta kuma hana shi ajiye kyanwa har shekara 5.

To ina zaluncin? Wane ɗan Islamiyya ne bai san hadisin matar da ta shiga wuta saboda ta kulle kyanwa da yunwa ba? Mu aka karantar da wannan tun muna kan allo, amma mu ne masu kare mai shuri.

Kada a ce ina wanke kamfanonin. Kasuwarsu suke tsaro. A 2009, da asirin ɗan wasan golf Tiger Woods na neman mata ya tonu, Accenture da AT&T sun sallame shi, Nike kuwa ta riƙe abinta don ta ga da sauran riba. Kuma rigar da Zouma ke sawa a West Ham a lokacin, tallan cacar Betway ne a ƙirjinta. Wannan cacar da ke lashe kuɗin 'yan achaba da ɗalibai ta waya, wa ya taɓa rasa kwangila a kanta?

Amma mu bar Turawa, mu dubi ƙofar gida. Potiskum garin kasuwar shanu ne, da dabba muke ci muke sha. Je ka ga yadda ake cusa shanu a tirela, ƙaho a cikin ido, ƙafa a kan wuya, a nufi Legas da su cikin zafin rana. Sa ya gaji ya durƙusa, a murɗe masa wutsiya, a zuba masa sanda a hanci. Kaji a ɗaure kai ƙasa a bayan babur. Jaki da gyambo a gadon baya, an ƙara masa buhu. Yara su rutsa kyanwa a lungu da duwatsu wai mayya ce, dattijo ya zo wucewa zuwa masallaci, ko tsawa ba zai yi ba. Da a ce kowane ɗayanmu na da kwangilar talla, mutum nawa za su kwana da ita?

Zouma ya yi laifi, an hukunta shi, daidai ne. Kamfani ya bar shi don tsoron asara. Mu da muke cewa Allah muke tsoro, uzurinmu ya fi nasu rauni. Iyaye da malamai su tsawatar, shugabannin kasuwa su sa doka a kan lodi, masu kare Zouma kuma su ji kunya su yi shiru.