Duniya Ta Ari Kalmomin Japan, Tsofaffin Tohoku Sun Rasa Mai Jin Nasu

Ranar 11 ga Maris, 2011, girgizar ƙasa ta tayar da igiyar teku da ta share garuruwan gaɓar Tohoku, a arewa maso gabashin Japan. Kafofin labarai na duniya da sunan Japananci suka kira bala'in: tsunami. Turanci ya daɗe da aron kalmar, kamar yadda ya ari karaoke da sushi da emoji, har da tycoon, wadda ta samo asali daga taikun, laƙabin da aka gabatar wa Turawa da mai mulkin Japan da shi a ƙarni na 19. Amma likitocin da suka kai agaji daga manyan birane sun sha wuya kafin su gane inda ke yi wa tsofaffin yankin ciwo. Duk Japanawa ne, karin harshe ne ya shiga tsakani. Sai da masana suka harhaɗa wa ma'aikatan lafiya kalmomin da mutanen Tohoku ke kwatanta ciwo da su.

Wannan giɓi da gangan aka haƙa shi. Bayan juyin Meiji na 1868, hukuma ta ɗauki maganar masu ilimi na unguwannin Yamanote a Tokyo ta mai da ita daidaitaccen harshe, makaranta da barikin soja da rediyo suka yaɗa ta. Ba laifi ƙasa ta samu harshen da kowa ke ji. Laifin shi ne kunyatarwar da aka bi da shi. A da, a makarantun Okinawa, yaron da ya yi maganar gidansu sai a rataya masa allon katako a wuya, ba ya rabuwa da shi sai ya kama wani. Maganar Tohoku kuwa aka laƙaba mata zuzu-ben don ba'a, har samarin da jiragen ƙasa suka kwaso zuwa masana'antun Tokyo a shekarun 1950 da 1960 da yawa suka gwammace yin shiru.

Osaka ce ta ƙi sunkuyawa. Birnin 'yan kasuwa ne mai kuɗi, kuma masu barkwancin manzai sun cika talabijin da karin yankinsu na Kansai, ta yadda mai shago zai yi godiya da okini a madadin arigato ba tare da ya ji nauyi ba. Darajar kari, ashe, tana bin aljihun masu shi.

Yanzu iska ta ɗan juya. A 2013 wasan kwaikwayon Amachan na gidan NHK ya sa duk ƙasar ta kama faɗin jejeje, kalmar mamaki daga yankin Kuji a Iwate. Abin ya yi daɗi, sai dai kwalliya ce. Tun 2009 UNESCO ta lissafa harsuna takwas na Japan da ke cikin haɗarin ɓacewa, ciki har da Ainu da na Okinawa da Yonaguni. Okinawa ta keɓe 18 ga Satumba don maganar tsibiranta, amma biki na yini guda ba ya koya wa jika hira da kakarsa. Hukumar da ta rataya allon nan ita ya kamata ta shigar da karin kowane yanki cikin darasin firamare da horon ma'aikatan jinya, tun waɗanda suka tashi da shi a baki suna raye.