Katangar Ƙasa Ba Ta Jin Lacca

Duk shekara kafin damina ta kankama, masu gidajen ƙasa a Yakasai da Mandawari da gindin Dala tambayarsu ɗaya ce: yaya za a yi da bangon da ya tsage, da soron da ke yoyo? Masana gine-gine da tarihi kuwa suna can zauren taro suna gabatar da maƙaloli kan darajar kayan gado, ana ambaton Sarki Gijimasu da ya aza harsashin ganuwa, da Muhammadu Rumfa da ya faɗaɗa ta a ƙarni na 15. Duk gaskiya ne. Sai dai tun 2007 ganuwar Kano ke cikin jerin wuraren da Nijeriya ke neman UNESCO ta amince da su, badala kuwa ba ta daina zaizayewa ba, wasu na ɗibar ƙasarta, wasu na kafa shago a kanta. A ganina laifin bai tsaya ga hukuma kaɗai ba. Masana ma sun saba magana da junansu, sun bar mai gida da tambayarsa.

Amsar kuwa tana hannun magina. Su suka san cewa sai an cuɗa ƙasa da ciyawa an bar ta ta kwana biyu ta ruɓa kafin a yi yaɓe, kuma da rani ake yinsa don ya bushe sosai. Sun san indararo gajere shi ke zubo ruwa a jikin bango ya ci gindinsa. Sun san makuba daga kwasfar ɗorawa ake samunta, laso kuma, wanda ke hana rufin soro shan ruwa, ana haɗa shi da katsi daga marina irin ta Ƙofar Mata, da gashin jima daga majema, da dafara. Wannan ilimi yana ƙarewa tare da tsofaffin da ke riƙe da shi, ba kuma kasafai ake ba su kujera a babban tebur ba.

Za a ce shawarar da ba ta da nazari a bayanta tana iya ɓarna, kuma akwai hujja mai ƙarfi a nan. Shawarar da ta fi yaɗuwa a cikin gari ita ce a shafe bangon ƙasa da siminti a huta. Da farko yakan yi kyau. Amma siminti ba ya kama ƙasa, yana kuma tsare danshi a ciki, sai bangon ya riƙa ruɓewa a ɓoye har wata rana filastar ta ɓamɓaro da rabinsa. Nazari ne ya bayyana dalilin haka, babu mai musu. To amma mutum nawa a lungunan birni suka taɓa jin wannan bayani da Hausa? Yana kwance a kundayen digiri da Turanci, siminti kuwa yana shago a bakin titi.

Don haka ba a ce masana su ajiye littattafai ba. A riƙa auna kowane taro da abin da mai gida zai iya yi da shi ranar Asabar. Sashen nazarin gine-gine na Jami'ar Bayero da ma'aikatan Gidan Makama za su iya zama da magina su fitar da jagora gajere: ƙasar da ta dace, lokacin yaɓe, tsawon indararo, kimar kuɗin aiki. A karanta shi a rediyo, a kai wa masu unguwanni kafin watan Mayu.