Ajiye zare ba ragwanta ba ce

A watan Satumban 2024, Raphaël Varane, ɗan bayan Faransa da ya ɗauki Kofin Duniya a 2018, ya bar ƙwallo yana da shekara 31 bayan rauni a gwiwa. Watanni kafin nan ya bayyana cewa ya bugu a ka a wasansu da Najeriya a Kofin Duniya na 2014, amma aka sake sa shi a wasan Jamus bayan 'yan kwanaki, kansa bai dawo daidai ba. Sergio Agüero ya bari a 2021 saboda matsalar bugun zuciya. Ɗan wasan faɗa Khabib Nurmagomedov kuwa lafiyarsa lau: ya yi faɗa 29 ba a taɓa kayar da shi ba, amma a 2020 ya ce ya yi wa mahaifiyarsa alkawarin dainawa bayan rasuwar mahaifinsa, kuma ya cika.

Mu a wannan jarida muna ganin waɗannan mutane sun yi daidai. Damuwarmu ita ce matashin Karaye ko Rogo a jihar Kano ba shi da irin wannan zaɓi.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a filin dambe da kaka ya san yadda abin ke tafiya. An sa zare, a turmi na biyu aka naushi ɗaya a muƙamuƙi ya kai ƙasa. Sai a ja shi gefe, a kwara masa ruwa a ka, a yi masa fifita, makaɗi kuma ya ci gaba da zuga shi da kirarin gidansu. Jibi yana wani gari ya sake ɗaure hannu, domin ramuwa da kuɗin liƙi. Likitoci sun daɗe da gargaɗi cewa bugu na biyu kafin ƙwaƙwalwa ta warke daga na farko shi ne mafi haɗari. Shi ya sa a damben zamani ake dakatar da wanda aka buge aƙalla wata guda. A namu filin kuwa, wanda ya ce yana jin jiri ko ciwon kai sai a ce ya ji tsoro, ya ba ɓangaren Kudu ko Arewa kunya.

Ƙwallo ma ba ta tsira ba. Samuel Okwaraji ya faɗi ya rasu a filin wasa na Legas ran 12 ga Agustan 1989, ana karawa da Angola. Bayan shekara 30, ran 8 ga Maris 2020, Chineme Martins na Nasarawa United ya yanke jiki ya faɗi a Lafiya ana wasa da Katsina United, rai ya yi halinsa. Idan haka na faruwa a babbar gasar ƙasa, me ake tsammani a gasar unguwanni, inda ba a taɓa auna hawan jinin kowa ba? Nwankwo Kanu ya rayu ne domin gwajin da aka yi masa a Italiya a 1996 ya gano ciwon zuciyarsa tun da wuri.

Varane ya bar fili da dukiyar da za ta riƙe jikokinsa. Ɗan damben ƙauye ba shi da fansho, ba shi da inshora. Ranar da ya daina fita, ranar kuɗi ke yankewa. Da can dambe wasan mahauta ne na bayan girbi, mutum na da fawarsa da gonarsa, in ƙarfi ya ja baya sai ya koma kansu. Yau da yawa sun mayar da shi abin dogaro kaɗai, shi ya sa suke jurewa har jiki ya lalace.

Gyaran bai fi ƙarfinmu ba. Ƙananan hukumomin Karaye da Rogo su shar'anta wa duk mai shirya gasa, dambe ko ƙwallo, kawo ma'aikacin lafiya da mota mai lafiya kafin a ba shi izini. A riƙa auna 'yan wasa a asibitin gwamnati kafin a fara gasa. Sarakunan dambe su amince da dokar hutun wata guda ga wanda aka buge, su kuma sanar da juna don kada ya ɓulla a wani fili. Masarautar Karaye, wadda tun 2024 ta ƙunshi waɗannan ƙananan hukumomi biyu, tana da bakin da dagatai da iyayen gidan 'yan wasa za su ji. Hukumar wasanni ta jihar Kano kuma ta saka tsofaffin 'yan wasa cikin shirye-shiryen koyar da sana'a da noman rani a bakin madatsar Challawa.

Sauran aikin na 'yan kallo ne. Saurayin da ya ce ya ajiye zare domin lafiyarsa, ko karatunsa, ko don iyayensa sun hana, a daina yi masa gori. Waɗanda suka yi masa liƙi yana fili, su ne ya kamata su fara haɗa masa jari.