Jan gashin hular manya da makomar tsuntsun Oku

A ƙasar Oku da maƙwabtanta, a Arewa maso Yammacin Kamaru, idan sarki ya tashi karrama wani, jan gashin tsuntsu yake soka masa a hula. Daga fiffiken tsuntsun da ake kira turako ake samun gashin, har da irin da masana suka laƙaba wa sunan Bannerman a 1923: koren jiki, jan tukku, ga jan fiffike da ba ya bayyana sosai sai ya tashi sama. Duk faɗin duniya, a kurmin tsaunukan Bamenda da kewaye kaɗai yake rayuwa, kuma ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa shi cikin halittun da ke fuskantar ƙarewa.

Mutane kan yi saurin ɗora laifi a kan maharba. Da hannunsu a ciki, amma babbar ɓarnar ta gatari ce da gobarar daji. Kurmin Kilum-Ijim da ke kan Dutsen Oku, mafakarsa mafi girma, ya rasa kusan rabinsa tsakanin 1963 da 1986. Manoma sun sare, masu itace sun kwashe, awaki kuma suna cinye duk tsiron da ya leƙo. Tsuntsun da 'ya'yan itace ne cimarsa, ina zai nufa?

Abin da ya taka wa ɓarnar birki shi ne wani aikin kare kurmin da aka fara a 1987, inda aka zauna da sarakuna da talakawa aka shata iyakar kurmin. Sai kuma zuma. Farar zumar Oku, wadda ta samu shaidar kariyar suna a 2013, daga furannin itatuwan kurmin nan ƙudan zuma ke haɗa ta. Mutumin da ya kafa amya a ciki, da ita yake biyan kuɗin makarantar 'ya'yansa, ba ya jiran ma'aikacin gandun daji ya ce masa ya kashe wuta. Da gudu zai fita. Wannan dabara ta fi tara da kamu tasiri nesa ba kusa ba.

Wani rikici da ya addabi yankin tun 2016 ya sa kula da kurmin ya yi wuya, don haka nauyi ya koma kan fada. Sarakunan da ke raba gashin su ke da bakin hana harbin mai shi. Su kafa doka a riƙa adana tsohon gashi ana gadonsa, su kuma hukunta duk wanda ya cinna wa kurmin wuta.