Kofin Shayi da Fentin Ruwa: Martani ga Masu Raina Darasin Zane

A bara na kai ziyara wata makarantar sakandare a ƙasar Gummi, na ga darasin zane a rubuce cikin jadawalin da aka manna a ofis. Da na tambayi wanda ke koyar da shi, sai shugaban makarantar ya yi murmushi ya ce, "Ranka ya daɗe, mu da muke neman malamin lissafi, wa yake ta zane?" Na sha jin irin wannan amsa daga bakin 'yan boko a Anka da Bukkuyum, har da waɗanda 'ya'yansu ke karatu a Abuja, inda ake saya musu buroshi da fenti kowane zango. Ina ganin kuskure ne, kuma yaran karkara ne ke biyan kuɗinsa.

Mu ɗauki abu mafi sauƙi. A ɗora ƙaramin kofin gilashi, irin na masu shayi, a kan farar takarda kusa da taga, a zuba masa ruwa rabi, a tsoma cokali, a ce wa yaro ya zana da fentin ruwa. Da farko zai zana abin da ya sani: da'ira a sama, layi biyu a gefe, cokali miƙe. Malami zai ce ya sake dubawa. Sai ya ga bakin kofin daga inda yake zaune ya yi siffar ƙwai, cokalin ya yi kamar ya karye a daidai fuskar ruwa, gefen gilashin ya fi tsakiyarsa duhu, inuwar kuma tana ɗauke da ɗigon haske a cikinta. Gilashi ba shi da launin kansa, don haka mai zana shi yana zana yadda ya murɗe abin da ke bayansa ne. Wurin da ya fi ƙyalli ba a shafa masa komai, farin takarda ake bari, kuma ana farawa da launi mai haske kafin mai duhu, domin fentin ruwa ba ya rufe kuskure. Dole yaro ya tsara aikinsa kafin buroshi ya taɓa takarda.

Wannan karyewar cokali ita ce karkacewar haske da ake haddace wa ɗalibai a darasin kimiyya ba tare da sun taɓa lura da ita ba. Ibn al-Haisam ya yi nazarinta a Masar cikin littafinsa Kitabul Manazir a farkon ƙarni na 11. Santiago Ramón y Cajal na ƙasar Sifen, wanda ya sami kyautar Nobel a 1906, da hannunsa ya zana ƙwayoyin jijiyar ƙwaƙwalwa da ya gani a madubin bincike. Likita da injiniya da ma'aikacin gona duk da ido suke fara aiki, ido kuwa sai an horar da shi.

Masu adawa suna da hujjoji uku, kuma sun cancanci amsa. Ta farko ta addini ce. Gaskiya ne malamai sun yi dogon bayani kan suranta abu mai rai, kuma a jihar da ta ƙaddamar da shari'a tun 1999 ba maganar wasa ba ce. Sai dai kofi da kwalbar turare ba su da rai. An ruwaito cewa Ibn Abbas ya shawarci wani mai sana'ar zane ya koma ga itatuwa da abin da ba shi da rai. Wanda ya hana yaro zana kofi da sunan addini ya ƙara wa hukunci abin da ba ya cikinsa.

Ta biyu ita ce wai abin na Turawa ne. Fentin ruwa garin launi ne da aka haɗa da ƙaro, wannan ƙaron da ake ɗiba a jikin dakwara a Borno da Yobe da Jigawa ana kai wa ƙasashen waje. Da ƙaro da gawayi alarammomi ke haɗa tawada, kuma duk wanda ya ga zayyanar allon sauka ya san mun daɗe da sanin yadda launi ke tafiya da ruwa. Masagan Bidda sun daɗe suna narka kwalba suna yin awarwaro da duwatsun wuya. A Zariya kuwa, a 1958, Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo da abokansu suka kafa ƙungiyar da ta sauya fuskar zane a Nijeriya, a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A Arewa aka yi wannan, amma mafi yawan waɗanda suka yi suna daga Kudu suka zo. Me ya hana namu, in ba mun daina shirya su tun daga firamare ba?

Hujja ta uku ita ce mafi nauyi: yankin da 'yan bindiga suka hana noma, aka rufe makarantunsa a 2021, ina shi ina fenti? Ban raina wannan ba. Amma wanda ya san tarihin Anka da Bukkuyum ya san tsadar abin da ba a lura da shi da wuri ba. A 2010 gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa cikin gidaje ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da Yargalma, aka kuma gano Bagega ta gurɓace. Abin ya fito fili ne bayan ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF sun lura cewa mutuwar yara ta wuce ƙima. Dalmar nan ce ake zubawa cikin gilashin alfarma da ake kira kiristal don ya ƙara ƙyalli. Zane ba ya maganin guba, kuma ba ya korar ɗan bindiga. Abin da nake cewa shi ne al'ummar da ke zaune kan ma'adinai masu haɗari tana buƙatar 'ya'ya masu kaifin lura fiye da kowa, kuma darasin da ke koyar da lura a mafi arha shi ne muka fara jefarwa.

Ba sabon abu nake nema ba. Darasin al'adu da fasaha yana cikin manhajar ilimin bai-ɗaya, hukumomin jarrabawa na WAEC da NECO kuma suna da takardar zane. Abin da ya rage shi ne hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha ta tura malaman da suka karanci fannin, masu duba makarantu su daina kau da kai idan sun tarar an mayar da lokacinsa na sharar fili. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai da ke tara kuɗin liyafa duk shekara suna iya sayen takarda da buroshi na aji guda, kofi kuwa akwai shi a teburin kowane mai shayi.

Ku da ke karanta wannan daga ofisoshinku a Gusau da Sakkwato da Kaduna, idan kun je gida da Sallah ku shiga makarantar da ta yaye ku, ku duba jadawali, ku tambayi shugaba wa ke koyar da zane. Idan ya yi murmushi irin wanda aka yi mini, ku ja kujera ku zauna har sai ya ba ku amsa.