Amsar Takarda: Mahayin Nan Mai Waƙa Ba Kaboyi Ba Ne

Cikin takardun da Edita ya miƙo mini makon jiya akwai ta wani malamin makaranta. Ya ce gardama ta sarƙe tsakaninsa da wani akawu abokinsa, har suka sa goro. Wai sun kalli wani tsohon majigi marar launi, aka nuno wani ƙato bisa doki, da faffaɗar malafa, ga gashin baki, ga bindiga a ƙugu, da an taɓa shi kaɗan sai ya ɓarke da waƙa. Akawu ya ce kaboyin Amurka ne. Malam ya ce faufau, harshen da ya ji ba Ingilishi ba ne. Suka ce in raba su. Sunan da malam ya kwafo daga farkon majigin shi ne Jorge Negrete.

To, malam ne da gaskiya. Mutumin nan ɗan ƙasar Meksiko ne, wadda ke kudu da Amurka, harshensu kuwa Sifaniyanci. Su harafin J kamar H su ke faɗinsa, saboda haka a bakinsu Horhe ne sunansa. Irin mahayin da ya ke kwaikwayo su na ce masa charro. Shigarsa dabam da ta kaboyi: malafa mai faɗi kamar faifai, 'yar riga gajeriya iyakar ƙugu, da tsukakken wando wanda aka jera wa maɓallan azurfa tun daga kwankwaso har idon sawu. Ku lura da azurfar nan. Talakan makiyayi da ke bin shanun wani ba shi da kuɗinta. Wannan shigar mai gona ce, ko babban baransa, ranar buki.

Amma akwai abin da ya fi gardamarsu, wanda su duka biyu ba su tambaya ba. Shi kansa Horhe bai taɓa zama makiyayi ba, ba kuwa wannan sana'a ya so ba tun fari.

An haife shi a 1911, a jihar Gwanahwato. Ubansa hafsan soja ne, shi ma aka kai shi makarantar soja ta birnin Meksiko, ya fito ƙaramin hafsa. Can ya ƙware ga doki, ba a ruga ba. Allah ya ba shi murya mai kauri da ƙarfi, ya shiga koyon waƙa wurin wani gwani mai suna José Pierson. Abin da ya sa gaba shi ne irin waƙar nan ta Turawa da a ke kira opera, wadda a ke yin wasan kwaikwayo dukansa da waƙa, mawaƙi ya cika ƙaton zaure da muryarsa ba da taimakon na'ura ba. A wurinsu wannan ita ce waƙar manya da masu ilmi. Ya ajiye aikin soja saboda ita, har ya tafi Niyu Yok neman ƙofa. Ƙofa ba ta buɗe ba, sai waƙa a gidajen rawa na dare don abin sa wa a baka.

Yana cikin wannan nema sai wani abu ya faru a gida. A 1936 wani mai shirya majigi, Fernando de Fuentes, ya fito da Allá en el Rancho Grande, watau "Can a Babbar Gona", da wani mawaƙi Tito Guízar. Labarin gona ne, da soyayya, da zakaru masu faɗa, da waƙa. Majigin nan ya karɓu ba a Meksiko kaɗai ba, har sauran ƙasashen da ke jin Sifaniyanci. Masu kuɗi suka ga ashe nan riba ta ke, kowa ya shiga neman mahayi mai murya. Horhe ya fara fitowa a 1937, cikin La madrina del diablo, ya yi waɗansu bayansa, ba wanda ya tsaya wa mutane a rai. Sai a 1941 aka sa shi cikin ¡Ay Jalisco, no te rajes!, ma'anarsa "Kai Halisko, kada ka ja da baya". Halisko jiha ce a yammacin ƙasar, mai suna wajen dawaki da makaɗan da su ke kira mariachi. Ya fito a maraya wanda aka kashe wa iyaye, ya girma ya bi makasan ɗaya ɗaya. Manuel Esperón ya tsara kiɗan, Ernesto Cortázar ya rubuta baitocin. Tun daga ran nan ba wanda ya ƙara tuna opera in an ambaci sunansa. Waƙar ƙauye, wadda mai irin karatunsa ke gani ƙasa da shi, ita ta ɗauke shi. Masu magana sun ce rabon kwaɗo ba ya hawa sama.

Ni dai na ce muryar nan da aka hora don zauren Turawa ita ce asirin abin. Sauran mawaƙan ƙauye su na waƙa kamar mai roƙo, shi kuwa ya na yi kamar mai ba da umurni ga rundunar soja. In ya ja baiti sai ka ga kamar ƙirjinsa zai tsage rigar. Wanda bai ji kalma ko ɗaya ta Sifaniyanci ba ma ya san wannan mutum ba ya neman alfarma wurin kowa.

Yanzu ga inda na ke so malamai su tsaya su yi tunani, gama ku ne yara ke tambaya. Gonar da majigin nan ke nunawa, wadda su ke kira hacienda, a nan mai gona uba ne ga kowa, barori su na ƙoshe, ba abin da ke damunsu sai wace yarinya za ta amsa wa wa. Alhali kuwa tarihi ba haka ya nuna ba. Kafin 1910 mafi yawan ƙasar noma ta Meksiko ta na hannun gidaje kaɗan. Manomi ya kan ci bashi a kantin ubangidansa, ba shi da ikon barin gonar sai ya biya, in ya mutu bashin ya hau kan ɗansa. Wannan na cikin abin da ya ta da yaƙin basasar da aka fara a 1910, inda irin su Emiliano Zapata suka tashi su na neman a mayar wa talakawa gonakinsu. Sa'an nan daga 1934 zuwa 1940 Shugaba Lázaro Cárdenas ya raba wa manoma wajen hekta miliyan 18. Ku dubi shekarun. Daidai lokacin da a ke yanka manyan gonakin nan a na rabawa, lokacin ne majigi ya shiga yi musu kirari. 'Yan kallo da yawa kuwa 'ya'yan barorin nan ne da suka baro ƙauye suka zo birni neman aiki. Kai, abin da mamaki! Mutum ya biya kuɗinsa don a nuna masa gidan da ubansa ya sha wuya, an shafe shi da farar ƙasa. Ban ga laifinsu ba ƙwarai, gama kewar gida ba ta tambayar tarihi. Amma wanda ya ce daga majigin Horhe ya san zaman manoman Meksiko, bai san kome ba tukuna.

Zamani kuma ya taimake shi. Sa'ad da Babban Yaƙi na Biyu ya yi zafi, Meksiko ta shiga gefen Amurka a 1942, Amurka ta riƙa ba ta ɗanyen fim ɗin ɗaukar hoto, ta ƙuntata wa Ajantina wadda ta ƙi shiga. Da ma Ajantina ce abokiyar gasarta. Kasuwa ta zama ta Meksiko, Horhe kuwa shi ne kan gaba.

Ya yi majigi wajen 40, ba zan lissafa su ba. Cikin El peñón de las ánimas, wanda ya fito a 1943, aka haɗa shi da wata sabuwar yarinya, María Félix, wadda ba ta taɓa fitowa ba. Ba su jitu ba ko kaɗan wajen aikin. Bayan wajen shekara 10, a 1952, sai ga shi ya aure ta. Matar mutum kabarinsa. A 1947 Luis Buñuel, gwanin nan mutumin Sifen, ya sa shi cikin Gran Casino, labarin rijiyoyin man fetur na Tampiko, ba doki ba malafa irin ta da. Majigin ya faɗi. Jama'a ba su son ganinsa sai cikin rigar da suka san shi, rigar kuwa ta riga ta zama masa kamar fata. A 1949 ma aka sake yin "Can a Babbar Gona" da launi, shi aka ba wurin Tito Guízar.

Wanda ya fi daɗin kallo a wurina shi ne Dos tipos de cuidado, na 1953, wanda Ismael Rodríguez ya shirya. Nan aka haɗa shi da Pedro Infante, wanda ya taso bayansa. Pedro ɗan talakawa ne, kafinta ne kafin ya yi suna, muryarsa taushi gare ta, ya na dariya da kowa. Horhe kuwa tsaye ƙyam, kai a sama. Aka sa wa ɗaya suna Jorge Bueno, watau na kirki, ɗayan Pedro Malo, watau mugu, suka yi ta zambo da waƙa, wannan ya jefa wancan ya rama. Shi ke nan majigin da suka yi su biyu a kan gaba. Har yau mutanen ƙasar ba su gama gardamar wanda ya fi ba.

Akwai kuma aikinsa wanda ba ya fitowa a allon majigi, ni kuwa shi na fi girmamawa. A 1945 rigima ta tashi tsakanin 'yan wasa da shugabannin babbar ƙungiyar ma'aikatan silima. Horhe, da mai ban dariya Cantinflas, da mai ɗaukar hoto Gabriel Figueroa, suka ja mutanensu suka kafa tasu ƙungiya dabam, har sai da Shugaba Manuel Ávila Camacho ya shiga tsakani ya raba wa kowace aikinta. Horhe ya shugabanci ƙungiyar 'yan wasa ta ƙasa, wadda a ke taƙaita sunanta ANDA, shekaru da yawa, ya na kan kujerar har ya mutu. Ga mutumin da ya ke fitowa ɗan masu gona a majigi, a waje kuwa ya na zaune da masu kuɗi ya na ja da su a kan ladan ƙananan 'yan wasa waɗanda ba wanda ya san sunansu. Gidan wasan ƙungiyar a birnin Meksiko sunansa aka sa masa.

Ciwon hanta ya daɗe ya na cinsa. Ran 5 ga Disamba 1953 ya mutu a Los Anjeles, ƙasar Amurka, ya na da shekara 42, aurensa da María bai daɗe da cika shekara ba. Cikin waƙoƙin da aka fi saninsa da su akwai México lindo y querido, ta Chucho Monge, wadda mai yinta ke roƙon a mai da shi gida in ajali ya same shi a baƙon wuri. Haka kuwa aka yi. Aka ɗauko gawar a jirgin sama, mutane suka cika tituna maƙil, aka binne shi a birnin Meksiko.

Saboda haka, malam, goro naka ne, ka karɓa wurin akawu. In ya ƙi yarda, ka nemi Dos tipos de cuidado ku kalla tare, ka ce ya nuna maka saniya ɗaya da Horhe ya kora.