Hotunan Da Ke Jiran Sunayensu

Sanin kowa ne cewa an buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya ran 4 ga Oktoba, 1962, kuma a 1970 aka kafa Gidan Arewa a Kaduna, watau cibiyar adana tarihi da bincike ta jami'ar, a gidan marigayi Sardaunan Sakkwato, Allah Ya jiƙansa. Duk wanda ya taɓa shiga wurin ya ga hotunan Firimiya da mutanen zamaninsa. To, irin waɗannan hotuna ba a Kaduna kaɗai suke ba. Suna nan jibge a ɗakunan ajiya na jami'o'inmu, wasu cikin ambulan, wasu cikin akwati, gara da danshin damina suna yi musu kisan mummuƙe.

Saboda haka muna goyon bayan a kwafe su cikin kwamfuta tun kafin su lalace. A ɗauki gaban hoto da bayansa, domin sau da yawa a bayan ne mai ɗauka ke buga hatiminsa ko ya rubuta kwanan wata. A ajiye kwafin a wuri biyu ko uku, asalin kuwa a killace shi. Ko kuɗi ba hujja ba ne: tun 2004 Laburaren Birtaniya yake tallafa wa irin wannan aiki a ƙasashe da dama.

Amma fa, 'yan'uwa ɗalibai, na'ura ba ta san fuskar kowa ba. Hoton mutum goma tsaye a gaban wani gini, babu suna, babu shekara, me mai bincike zai yi da shi? Wanda yake ɗan shekara ashirin a 1962, yau ya haura tamanin. Irinsa ne zai dubi hoton ya ce, wannan malam wane ne, wancan kuwa direbansa, ranar kaza aka ɗauka. Tsofaffin malamai, da akawuna, da masinjoji (kada a raina masinja, ya fi kowa sanin masu shiga ofis) kullum raguwa suke yi.

Roƙonmu ga hukumomin jami'a shi ne su buɗe wa masu bincike ƙofa tun ana cikin aikin, kada a ce sai an gama. Sassan Tarihi da na koyon aikin laburare su ba ɗalibansu na shekarar ƙarshe wannan aiki a matsayin kundin kammala karatu. Ƙungiyar ɗalibai kuma ta nemi a buga mata kwafin hotunan da ba su da bayani, kowa ya tafi da kaɗan garinsu in an yi hutu, ya nuna wa dattawa, ya rubuto abin da suka faɗa tare da sunan wanda ya faɗa.